Jarumin da Ya Daina Tuɓe Takalmi

Muna samari a Unguwar Shanu, akwai wani gem na Japan da muke bugawa a shagon maƙwabcinmu. Rubutun duk Japananci ne, ko harafi ba ma iya karantawa, amma jarumin bai zame mana baƙo ba. In zai shiga gida sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna ya gaida tsohon malaminsa, ya zauna a ƙasa ya ci shinkafa. Mukan ce wannan ɗan gidan mutunci ne.

Bara na ga sabonsa a Babbar Kasuwa, na saya wa ɗana da ɗoki. Mai shagon ya ce an gyara shi don ya dace da duniya baki ɗaya. Muka kunna. Jarumin ya banko ƙofa da takalminsa, ya kira tsohon da sunansa gatsal.

Ɗana ya ce, "Baba, ina gaisuwar da kake ba ni labari?"

Abin da ya yi kama da mu shi suka kankare. Ashe duniyar da suke nufi, babu mu a ciki.