Abin da ke Cikin Jarkar Malam Dabo

Raihana Dabo ba ta karɓar abu ido rufe. Tun tana ƙarama a unguwarsu ta bayan rijiyar Kusugu a Daura, in an aike ta sayen manja sai ta shinshina, ta ɗaga kwalbar a rana, mai manja ya yi ta tsaki. Ta girma, ta karanta ilimin sinadarai, ta sami aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Katsina, halin nan kuwa yana nan daram. Duk Juma'a da yamma take hawo mota ta dawo Daura.

A irin wannan zuwa ne ta lura da fuskar mahaifinta. Malam Dabo siriri ne tun asali, sai ga kumatu sun cika, wuya ya yi kauri, ƙafafu kuwa kamar sillen kara. Maƙwabta suka ce hutu ne ya karɓe shi. Wane hutu! Mutumin da ciwon gwiwa ya raba shi da gona shekara biyu, ya kuma rantse ba zai ƙara haɗiyar ƙwayar asibiti ba, sai jiƙon amininsa Nagoggo mai magani a kasuwar Daura. Raihana ta san irin wannan ƙiba. Ta ƙwayar dekzametason ce, mai kwantar da ciwo nan take, tana cin ƙashi tana tada ciwon sukari a hankali. Ta tsiyayi jiƙon daga jarkar da ke ɗakin innarta Zaituna, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Na'urar da suke aiki da ita a Katsina tana tura ruwa gauraye da sinadarin metanol ta cikin wani bututun ƙarfe da bai kai kamu ɗaya ba, kolom suke ce masa. Cikinsa garin silika ne, an liƙa wa kowace ƙwaya gashi mai maiƙo, wanda ake kira C18. In an saka abin gwaji, sinadarin da ke son ruwa yakan wuce da sauri, mai gudun ruwa ya maƙale a gashin ya fito a makare. Kowanne ya fito, sai a ga tudu a allon kwamfuta.

Jiƙon ya ba da ƙaton tudu a minti na tara. Ta saka tsantsar dekzametason, ita ma minti na tara.

"Shi ke nan, na kama Nagoggo," in ji ta.

Abokin aikinta Chiedozie, wanda ya fi ta daɗewa a kan na'urar, ya girgiza kai. "Malama Raihana, a hankali. Akwai sinadarin ganye da ke fitowa daidai wurin nan, na sha ganinsa. Kada ki ɗora wa dattijo laifi a kan tudu ɗaya."

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. C18 maiƙo kaɗai ya sani, abu biyu in maiƙonsu ya zo ɗaya, tare zai sake su. Sai ta koma zargin kolom ɗin kansa, don ita ko ƙarfe ba ta ƙyale ba. Ta kwance shi ta ɗaura na fenil, wanda zobba aka liƙa wa silikarsa maimakon dogon gashi. Zobban nan kan riƙe duk sinadarin da ke da zobba irin nasu, na ganyen kuwa cike yake da su. Ai kuwa tudun ya rabe gida biyu. Na ganye ya ja baya, na gaba ya tsaya daidai inda ƙwayar ke fitowa. Ta ɗiga tsantsar ƙwayar a cikin jiƙon ta sake gwadawa, na gaban ne ya ƙara tsawo. Chiedozie ma ya yarda.

Da ta dawo Daura, ranar Asabar ta nufi rumfar Nagoggo, zuciyarta na tafasa. Tsohon ya tarbe ta da fara'a, yana tambayar jikin amininsa. Kalmomin sun zo mata har baki, sai halin nata ya ja ta baya: jarkar gida ta gwada, ba tulun Nagoggo ba. Ta ce, "Baba, ku ɗan zubo mini kaɗan, wata ce ta aiko ni." Ya zuba mata a gabanta.

Da ta koma Katsina, sau uku ta gwada shi a kan kolom ɗin fenil. Tudu ɗaya, na ganye. Wannan sakamako ya fi na farko tayar mata da hankali.

Da ta dawo gida ranar Juma'a ta iske Zaituna a tsakar gida tana tsince wake, Malam Dabo ya tafi masallaci. Ta zauna kusa da ita a kan tabarma.

"Inna, wa ke taɓa jarkar Baba bayan an kawo ta?"

Hannun Zaituna ya tsaya a cikin faifan. Can ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin leda, ƙananan fararen ƙwayoyi a ciki.

"A kyamis nake karɓowa. Ina dakawa in zuba. Kin san shi, in ya ga ƙwaya ba zai sha ba."

"Inna, ƙashinsa take ci! Kuma ba a barinta farat ɗaya, sai likita ya rage masa a hankali. Dole a gaya masa."

Zaituna ta dube ta, idanunta sun kawo ruwa.

"Da rarrafe yake zuwa banɗaki, Raihana, ke kina Katsina. Wata takwas ke nan yana sallah a tsaye. To ga shi can ya yi sallama. Ke za ki gaya masa, ko ni?"