Gurmi Mai Jin Sanyi

A gida, in aka ce kaka ta yi, to makaɗa sun samu. An kai hatsi rumbu, samari sun ƙoshi, sai a share fili a bayan gari a fara kokawa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi yake kaɗa wa 'yan kokawar garinmu gurmi, kuma a wurinsa na koya, a ɓoye, don mahaifina ya ce shi bai haifi maroƙi ba. Da zan taho London kawu ya ɗauko ƙaramin gurminsa ya cusa mini a jaka. 'Yar ƙwarya ce da sanda da tsirkiya biyu, an rufe bakinta da fatar guza wadda shi da kansa ya jeme ya ɗaura. Ban daɗe da tahowa ba ya rasu.

A nan ma akwai lokacin da muke kira kaka, don ba mu da wani sunan da za mu ba shi. Amma kakar London ba ta kawo wa kowa komai. Ganye ya yi ja ya zube, ruwa ya jiƙa shi ya laƙe a ƙasa, rana ta yi fushi ta daina leƙowa. Ni aikina ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi ne a asibiti, kuma da kaka ake cika mana layi: masu tari, da tsofaffin da suka zame a kan jiƙaƙƙen ganye. Da duhu nake fita daga Plumstead in kama jirgi a Woolwich, da duhu nake dawowa. Azahar da La'asar da Magariba sukan matso kusa da juna har sai na rasa wadda nake bi, duk a cikin aiki suke riskata. Matata tana aiki a wani kantin magani a Lewisham. A wannan lokacin ni da ita a bakin ƙofa muke haɗuwa, ɗaya na cire takalmi ɗaya na sawa, a miƙa wa juna yara da bayanin abin da ya rage a firji.

To a ina mutum zai yi kiɗa? Gidanmu a hawa na biyu yake, a ƙasanmu kuma akwai wata tsohuwar Baturiya mai kunne kamar na zomo. Ranar da na fara gwada gurmin a falo, ban kai ƙarshen taken farko ba na ji tana dukan silin ɗinta da sandar share-share. Ban ga laifinta ba, amma na ji haushi. Daga ranar sai na riƙa cusa safa a ƙarƙashin tsirkiya in zan kaɗa, sautin ya koma ɗan zuzu a cikin ƙwarya. Matata ta naɗa ni Sarkin Kiɗan Sauro. In ta ga na ɗauko shi sai ta ce, “Ranka ya daɗe, a kawo gidan sauro ne ko za a haƙura?”

Babbar 'yarmu sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake ce mata. A lokacin tana aji na tsakiya a firamare, ƙanenta kuma bai daɗe da fara tafiya ba. A nan aka haife ta. Hausa babu abin da ba ta ji, har zagi da habaici, amma ko za ka kwana kana yi mata, da Turanci za ta amsa maka. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi cin hanci da alewa. Iyakar abin da na samu shi ne “ina kwana” da “na ƙoshi”, su ma sai ta ga dama. Abin yana ci mini rai ƙwarai, musamman in ta karɓi waya da kakarta, tsohuwa na ta zuba zance, ita kuma tana ta gyaɗa kai kamar ana ganinta.

Amma tana son gurmin. In ina zuzuna takan zo ta zauna ta kafa kunnenta a jikin ƙwaryar. Ba ta taɓa jin muryarsa ta gaskiya ba, kullum ina ce mata sai ranar da muka samu fili.

Makarantarsu duk kaka tana ware wata rana da iyaye ke kawo abin ƙasarsu, wasu abinci, wasu tufafi. Mamana ta je ta shelanta wa ajinsu cewa ubanta makaɗi ne. Wata yarinya ta ƙaryata ta, ta ce ai ta sha ganina da rigar asibiti, kuma mai rigar asibiti ba ya kiɗa. Nan take Mamana ta gaya wa malamarsu cewa zan zo in kaɗa ranar Juma'a da rana. Sai da ta gama ƙulla komai sannan ta zo ta sanar da ni, tana tsaye hannu a ƙugu, irin tsayuwar mai sunanta sak.

“Wa ya aike ki?” na ce.

Ta ce da Turanci ai na yi alkawari, kuma zauren makarantarsu fili ne, babu tsohuwa a ƙarƙashinsa.

Na ce to. A raina ma daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na bi abokan aiki ina roƙo har na samu wanda ya karɓi Juma'ata, ni kuma na karɓi aikin kwanansa na daren Alhamis. Lissafina in dawo da safe, in ɗan runtsa, in ɗauki gurmi in tafi.

Ranar Lahadi da rana na faki idon tsohuwa, na ga fitarta da jakar cefane, na zare safar nan na buga tsirkiya. Abin da ya fito ba murya ba ce. Wani luƙus na ji, kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali. Na danna fatar da yatsa, ta lotsa. Damshin garin nan ya shige ta ta saki, ɗan itacen da ke ɗauke da tsirkiya, wanda muke kira jaki, har ya nutse a ciki.

Mamana ta dube ni, ta tambaya ko ya lalace.

“Bai lalace ba,” na ce. “Sanyi yake ji. A gida in ya yi haka, kawu yakan ajiye shi a hantsi, ko ya kara shi kusa da garwashi. Da ya ji ɗumi fatar za ta ɗame, ki ji yana magana kamar mutum.”

Akwai sauran bayani. Kawu ba ya barinsa. Yana riƙe da shi, yana juyawa, yana taɓawa da bayan hannu, da ya ji ya yi ɗumi kamar goshin yaro sai ya janye. Zan faɗi wannan ke nan ƙanenta ya jawo kofin shayi daga kan tebur, muka yi kansa gaba ɗaya, zance ya wuce.

Duk makon nan yarinyar nan rana take jira. Da ta tashi sai ta ɗaga labule ta duba sama, ta saki. Sama kuwa ta yi fari fat kamar tsohon zanin gado, yayyafi ba ya tsayawa. Ni ban damu ba, don na riga na yanke cewa ranar Juma'a zan ari abin busar da gashin matata in ɗan hura masa kafin in fita. Ban gaya wa kowa ba. Ba mu cika samun zaman da za a gaya wa wani wani abu ba a wannan lokacin.

Na dawo ranar Juma'a da safe idona kamar an watsa yashi. Tun daga ƙofa na ji wani ɗan ƙauri, irin na ganda in ta sha wuta. Matata ba ta sa takalmi ba, ba ta ɗauki jaka ba, tana tsaye a kicin. Ta yafito ni da hannu ta turo ƙofa.

Gurmin yana kan tebur. Fatar ta tsage daga gefe zuwa gefe, bakin tsagar ya nannaɗe ya yi baƙi, jaki ya faɗa cikin ƙwarya. Tsirkiyoyin suna kwance sakwa-sakwa.

“Jiya kafin yarinyar nan ta kwanta ta ɗora shi a kan hita,” in ji matata, murya ƙasa-ƙasa. Hitar kuwa ƙarfen nan ne na jikin bango da ke ɗumama ɗaki, wanda muke shanya kayan yara a kai tunda babu rana. “Ta kifa shi, ta lulluɓe shi da rigar sanyinta. Wallahi na ɗauka shanya ce. Kuma ka san na saita hitar ta kwana a kunne saboda tarin yaron nan. Da asuba na ji ɗas, na zaci wani abu ne ya faɗo.”

Na ɗauki ƙwaryar, har lokacin da sauran zafi a jikinta. Na ga inda kawu ya bi gefen da ƙananan ƙusoshi, wasu a karkace, don idonsa ya fara rauni lokacin da ya ɗaura ta. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na so in yi ihu, na rasa wanda zan yi wa. Fatar guza ba abin da za ka shiga kasuwar Lewisham ka ce a ba ka ba ce, kuma ko da an samu, ba hannun kawu ne zai ɗaura ba.

“Ta sani?” na ce.

“Ba ta gani ba tukuna. Na ɗauke kafin ta tashi. Don Allah, Baban yara, kar ka ce mata ita ce.”

“Ni mahaukaci ne?”

Muka shirya cewa fatar ta tsufa ne, ta mutu don kanta a hannuna da na dawo. Da Hausa muka yi duk wannan shawarar, muna raɗa, mun manta cewa ƙofar kicin ɗinmu ba ta rufuwa sosai. Da na fito na sami Mamana a zaune a bakin ƙofar gida da kayan makaranta, tana ɗaure igiyar takalmi. Na tsuguna na karanta mata ƙaryar da muka tsara. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Okay.” Sannan ta tambaya ko duk da haka zan zo. Na ce zan zo.

Ban yi barci ba. Na gwada manne tsagar da salatif, na ciro jaki na tsayar, ya sake nutsewa. Haka na sa shi a jaka na tafi.

Zauren ya cika da yara a zaune a ƙasa, iyaye a kujerun baya, ko'ina ƙanshin abincin ƙasashe. Da aka kira ni na fita na ɗaga gurmin na yi bayani da Turanci: wannan ƙwarya ce, wannan fatar wani babban ƙadangare ce, ga wanda ya yi shi, ga irin mutanen da ake kaɗa wa. Yara suka so labarin ƙadangaren. Malamar, baiwar Allah, ta ce ko zan ɗan taɓa musu ko yaya ne. Na taɓa. Ya yi ƙwas-ƙwas sau biyu, kamar an ja roba a bakin gwangwani. Wani yaro ya yi dariya aka harare shi. Sai aka tafa mini, irin tafin mutanen nan na ladabi, wanda gara a zage ka da shi. Aka karɓi gurmin aka ajiye a kan tebur tsakanin wata hular gargajiya da kwanon cincin, yara suna wucewa suna leƙa cikin tsagar. Na hango yarinyar da ta yi musun tana raɗa wa ta kusa da ita wani abu. Mamana tana layi na biyu, ta ƙura wa takalminta ido.

Da aka tashi har fitilun titi sun kama, ko Magariba ba a yi ba. Muka gangaro ta gefen filin unguwa, ganye yana manne mana a takalmi. Jaka a kafaɗata, hannunta a cikin nawa, sanyi ƙalau. Na yi ta neman abin faɗi. Na ce za a aiko mana da wata fata daga gida, ko ta akuya ce. Na ce malamarsu tana da kirki. Ita dai tafiyarta kawai take yi.

Mun kusa kwanar gidanmu ta tsaya cak. Ba ta dube ni ba, shingen wani gida take kallo.

“Abba,” ta ce, “ni ce na kashe shi.”

Da Hausa ta faɗa. Babu gargada, babu kuskure, har karin muryar irin na mahaifiyata ne. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da yarinyar nan za ta buɗe baki ta yi mini jimla guda da harshena, ga ta na samu a bakin titi cikin yayyafi, kuma da ana mayarwa da na mayar.

Na tsuguna na ce mata ba ita ba ce, garin ne ba shi da rana. Ta bar ni na gama, ta share hancinta da hannun riga.

“Sanyi yake ji,” ta ce. “Kai ka ce.”

Na ɗauke ta, duk da ta wuce ɗauka, na hau da ita bene a hankali don kar mu dami tsohuwa.