Sandar Bahago

Ni bahago ne, amma sai da na kai shekara talatin babu wanda ya sani a Yerwa, in ban da Iya. Tun ina ƙarami ta ɗaure mini hannun hagu a ƙugu da tsumma, har na iya ci da rubutu da dama. Ranar da ta kwance shi ta ce, "In na ji ka ɗaga hannun nan a gaban mutane, ban yafe ba." Maganar uwa ba abin wasa ba ce. Na riƙe ta gam.

Bayan samun 'yancin kai ina aiki a ofishin lardi, Baturen da nake ƙarƙashinsa ya fara haɗa kayan komawa gida. Mu biyu ake dubawa a kujerarsa. Ya kira ni ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: manyan da za su zo daga Kaduna a filin golf suke auna mutum, kuma abokin takarata ya riga ya fara koyo. Raina ya ɓaci. Ina ni ina bin ƙwallo kamar ƙwan zabo a cikin rana? Amma kujerar nan ina son ta, ba zan yi ƙarya ba.

Masu koyarwa biyu ne a kulob, kuma sai ka zaɓi ɗaya kafin a karɓe ka. Kowanne yana ba da gwaji na yamma guda.

Na fara da wanda kowa ke zuwa wurinsa, wani tsohon sojan Bature mai jan wuya. A gaban baranda yake koyarwa, inda mutane ke zaune da lemonsu. Ya damƙa mini sanda, ya gyara mini ƙafa, ya ce in buga. Na kai duka, na ɗebo yashi. Na sake, iska na sara. Ƙwallon tana nan zaune tana kallona. Aka yi dariya a baranda, kuma na gane muryar abokin takarata a ciki. Gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu. Sojan ya ce kada in damu, wata shida zan kama hanya. Wata shida, alhali baƙin suna tafe kafin damina.

Na biyun ɗan kabilar Ibo ne mai kantin kayan keke a kasuwa, wanda ya koyi wasan a Jos. Can ƙarshen fili yake tsayawa, ƙarƙashin dogon yaro, kusa da ramin da ƙwallo ke faɗawa, wanda aka zagaye da yashi mai baƙin mai, don mu ciyawa ba ta zama mana. Bai ba ni sanda ba. Muna cikin gaisawa sai kawai ya wurgo mini ƙwallo a fuska. Kafin in yi tunani na cafe.

Ya dubi hannun da ya cafe, ya dube ni.

"Malam, tun yaushe kake ɓoye shi?"

Na waiga, ba kowa kusa. Ya zaro wata sanda daga ƙasan jakarsa, kanta ya juya ta ɗaya ɓangaren, ya ce wani likita bahago ne ya bar masa. Na tsaya yadda jikina ya so, na buga. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Ƙwallon ta tashi ta tafi, har na daina ganinta.

"In ka zaɓe ni, da wannan za ka buga," in ji shi. "A gaban kowa. Ni ba na koyar da hannun aro."

Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Na tura kekena har unguwarmu Mafoni, ban iya hawa ba. In koma wa soja, kujera ta tafi. In zaɓi wannan, ko kwana biyu ba za a yi ba labari ya iso gidanmu, don masinjojin ofis ba sa riƙe magana. Na tarar da Iya a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata komai, kamar yaron da ya fasa tulu.

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Tsoro ya kama ni sosai, har na fara cewa a bar maganar.

Sai ta ajiye faifan, ta buɗe tafin hannunta na hagu. Akwai wani tabo a tsakiyarsa, fari, a tattare. Na san shi tun ina goye, na ɗauka ƙunar girki ce.

"Ni garwashi aka sa mini," ta ce. "Kai tsumma na ɗaura maka, don kada wani ya riga ni da wuta."

Ta kamo hannuna na hagu ta juya shi, tana dubawa kamar ta daɗe ba ta gan shi ba.

"Je ka buga abinka, na yafe. Amma kada in ga ka ci tuwo da shi."

Da safe na tafi kasuwa, na sami mai kantin yana jera tayoyi. Na ce masa ya ajiye mini sandar likita.