Hular da Na Ɗinka a Ƙofar 'Yandaka

Gwaggo Safara'u yayar mahaifina ce, kuma shekara arba'in ta yi tana ɗinkin hula, rabinsu a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka a Katsina. Ba ta yi boko ba, asibiti kuwa ko warinsa ba ta so. Mijinta ya rasu tun ina goye, ta dawo gida ta rungumi allurarta. Manyan ma'aikata daga GRA suna aiko mata da aiki, ita kuma in ta ga dama sai ta ce kan mutum bai dace da hularta ba.

A shekarar da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, na dawo daga jami'a da mugun labari. Ina aji huɗu a karatun likita, na faɗi jarrabawar gwaji ta ɗinkin rauni. Ba rashin sani ba ne. Komai yana kaina, amma da malami ya tsaya a gefena riƙe da agogo, sai hannuna ya kama rawa kamar mai zazzaɓi. Aka ba ni dama ɗaya bayan sati shida. In na sake faɗuwa, sai dai in tattara kayana.

Gari ana ta hirar sabuwar gwamnati, ni ina ƙunshe a ɗaki da littattafai, abinci ba ya shiga, na rame na yi baƙi. Kowa a gidan lallaɓa ni yake yi, ban da Gwaggo.

"Ke Ramla, hito nan," in ji ta wata safiya. "Mi ya hwaru za ki kashe kanki? Ɗinki ne hwa aka ce. Ɗinki kuwa ba baƙo ba ne a gidanga."

Ta sa na ɗauko farin yadin hula da aka zana, da zare da allura. Ta ce ba a ɗinki da yunwa, sai da na shanye kwanon fura. Sannan ta kira matan gida da maƙwabta suka kewaye ni, suka zuba mini ido suna surutu. Nan take hannu ya soma halinsa.

"Aje ta," ta ce. "Allura ba ta gudu. Ja numfashi, ki ɗauka."

Ranar farko kuka na yi, na ce a raina tsohuwar nan ba ta da tausayi. Layi ya karkace, a warware. Ya sake karkacewa, a sake warwarewa, mata na dariya. Haka kullum daga hantsi zuwa azahar. A sati na huɗu maƙwabciyarmu Mairo ta gama ba da labarin wani biki kaf tana tsaye a kaina, ban ma san ta yi ba, hankalina yana kan allura.

Ranar jarrabawa hannun ya yi rawa, ba zan yi ƙarya ba. Na ajiye kayan aikin a kan tire, malami ya dubi agogonsa, na ja numfashi na ɗauka. Makin ba na a zo a gani ba ne, amma na ci.

Da na dawo Katsina, ɗakinta na fara shiga na miƙa mata takardar sakamako. Ta karɓa, takardar tana kaɗawa a hannunta. Na ɗauka murna ce, sai mahaifiyata ta ce a hankali, "Ai tun bara ta daina ɗinki, hannun ya ƙi tsayawa."

Kunya ta rufe ni. Sati shida ina zaune gabanta, ko sau ɗaya ba ta taɓa allurar ba, ni kuma ɗalibar likita ban lura ba. Har yau ban san da bakin da zan gode wa matar nan ba. Na durƙusa na riƙe hannun, na ce, "Gwaggo, me ya sa kika ɓoye mini?"

Ta ce, "Ɗiyata, da kin ga nawa na rawa, ai da ba ki yarda naki zai tsaya ba."