Shamuwar Jidda da Irin Geron Baba

Shekarun baya, zamanin da zuwa Jidda daga Makka tafiyar raƙumi ce, mota kuwa sai wane da wane, ina saurayi ɗan garuwa a unguwar Hindawiyya ta Makka. Gwangwani biyu a sanda, gida-gida, safe da yamma. Sana'ata ke nan, amma abin da unguwa ta san ni da shi daban ne: kallon tsuntsaye. Tun ina yaro a ƙauyenmu na ƙasar Kano ni ake turawa korar tsuntsaye a gonar gero, a can na koyi bambance su, ciwon kuma ya biyo ni har Makka. Sau nawa ina tafe da ruwa, kai a sama ina bin shirwa da ido, sai tuntuɓe, rabin ruwan mutane ya tafi ƙasa. Mahaifiyata takan ce, "Wuyan nan naka wata rana sai ya ƙage a haka." To, har yau bai ƙage ba.

Mahaifina manomi ne tun daga kai har ƙafa. Shekaru muka yi a hanyar Makka, a ƙasa muke tafiya. Duk inda damina ta riske mu, a Wadai ne ko a Sudan, sai mu ya da zango, ya roƙi ɗan fili ya shuka geron da ya taho da shi daga gonar kakana. In an girbe ya zaɓi zangarku masu kyau, ya sussuke, ya cuɗa da toka saboda ƙwari, ya ɗure a jakar fata. Kullum kashi biyu yake yi: na shuka, da wani ɗan ƙulli da yake kira "na komawa gida". Wannan ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa shi.

Da muka zauna a Makka sai shekara biyu ta wuce bai shuka ba. Iri kuwa ba ya jira har abada. Shi da bakinsa ya ce in ta uku ta wuce, geron kakana ya mutu, sai dai a dama kunu da shi. Fili ba matsala ba ne. Wani Balarabe mai gonar dabino a Wadi Fatima, wanda Baba ke yi wa ƙwadago, ya ba shi wani gefe inda ruwan kwari ke bi in an yi ruwan sama, da sharaɗin ba zai taɓa ruwan dabino ba. Matsalar ita ce yaushe. A gida ba a tambayar kowa: shamuwa na sauka kan kukar gari, sai a yi binne, wato a rufe iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. In ka yi binne ruwa bai zo ba, tururuwa ta samu sadaka. Baba ya yi ta duban sama da bazara, babu shamuwa, babu hadari, sai zafin da ke narkar da mutum.

Ana nan sanyi ya shigo. Wata safiya sai ga abokina, mai bin raƙuman kaya tsakanin Jidda da Makka, ya faɗo gidanmu ko sallama bai ƙarasa ba.

"Baba, albishirinka!"

"Goro," in ji Baba.

"Wallahi na ga shamuwa a bakin teku. Har guda-guda suna kiwo a fadama."

Na ce, "Shamuwa? Da sanyin nan?"

"Ya shaikh, idona ne fa ya gani. Baƙa ce, cikinta fari, ƙafafu zaƙo-zaƙo. Me ya rage?"

Kafin ya rufe baki Baba ya sauko da jakar fata daga ƙusa, yana dariya. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri in je in dubo. Gani ya kori ji." Ya harare ni ya ce, "Je ka, tunda kai ne limamin tsuntsaye."

Na bi ayarin abokina. Duk wanda bai ga gaɓar Jidda da sanyi ba, bai ga tsuntsaye ba. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa ya ƙame kamar mai gadi. Ga wasu farare masu kama da balbela amma sun fi ta tsawon wuya. Ga ƙananan da ke guje-guje a bakin taɓo suna tsattsaga, ba su da iyaka. Can ciki kuma wasu dogaye masu jaja-jajan fukafukai, sun kifa kai cikin ruwa, Larabawan wurin suna kiransu nuham. Na tsaya baki buɗe har na manta abin da ya kawo ni, sai da abokina ya zungure ni ya nuna gefe.

Kallo ɗaya na yi na san ba ita ba ce. Shamuwarmu ƙarama ce, fuskarta da shuɗi-shuɗi, ƙafarta toka-toka sai gwiwa da yatsu ne ja. Wannan ta fi ta girma nesa, bakinta ja wur, ƙafafunta ja tun daga sama har ƙasa. Duk da haka na jira ta tashi, don shamuwa in ta buɗe fukafukai sai ka ga fari a ƙugunta ta baya. Ta tashi, baya baƙi ƙirin. Ga halinta ma: shamuwa 'yar gida ce, kan bishiyar tsakar gari take sheƙa, wannan kuwa tun muna nesa ta yi gaba.

Abokina ya kama hannuna. "Don Allah ka ce ita ce. Ka ga tsohon nan ya yi dariya rannan? Rabon da in ga haƙoransa tun muna Sawakin, kafin mu haye teku."

Na ce, "In na ce ita ce, ya binne, ruwa bai zo ba, kai za ka je Kano ka ɗebo masa wani?"

Da na dawo na faɗa wa Baba yadda yake, ban rage ba. Kai, ranar na sha faɗa! "Ka bar gida kana yaro, kai za ka koya mini shamuwa? Ni da na yi furfura a ƙarƙashin sheƙarta?" Mahaifiyata na cewa Malam a yi haƙuri, ina! Washegari ya saɓi jaka da sungumi ya nufi Wadi Fatima. Ni ma na ajiye gwangwanaye na bi bayansa, ko waiwayowa ba ya yi.

Kwarin da sanyi duniya ce ta daban. Alhudahuda na yawo tsakanin dabinai, balbela na bin shanun huɗa kamar a gida, kurciya na ta kuka. A bakin wani ɗan tafki da ruwan gona ke taruwa, sai ga ta tsaye ita kaɗai, irin ta Jidda sak. Baba ya tsaya cak. Ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Ta gan mu, ta ɗan yi gudu, ta buɗe fukafukai, baya baƙi ƙirin.

Baba ya zauna a kan dutse. "Ba ita ba ce," ya ce. Ya fara ɗaure bakin jakar a hankali.

Ni na yi gaskiya, amma wallahi ban taɓa jin ɗacin gaskiya irin na ranar ba. Na gane cewa in ya ɗaure jakar nan yana jiran shamuwar gida, har abada ba za ta zo ba, iri zai mutu a ƙusa. Sai na durƙusa na ce, "Baba, ba ita ba ce, amma akwai magana. Bara waccan da sanyi na ga irin waɗannan sun wuce ta saman unguwa sun yi nan, ba a jima ba aka yi ruwa har lunguna suka cika. Bara ma na gan su, amma yayyafi kawai aka yi. Ba zan ce maka tabbas ba. Abin da na sani, damina a ƙasar nan da sanyi take zuwa, su ma da sanyi suke zuwa."

Ya kira Balaraben ya tambaye shi. Mutumin ya ce ƙwarai, da sanyi ake ganinsu, da sanyi kuma kwari ke kawo ruwa in zai kawo, amma ruwa na Allah ne. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ashe shekara biyu ina gadin ƙofar gida, damina tana shigowa ta baya. To, kowace ƙasa da shamuwarta. Ɗauki sungumi."

Ina sara, yana jefa iri yana rufewa da diddige. Da na shuka ya ƙare, saura 'yan kunyoyi, sai na ga ya kwance ɗan ƙullin nan.

"Baba, na komawa gida ne fa."

"Na sani. Sara."

Muka yi ta jira, ni kam har na rame, don in abin ya ɓaci bakina ne ya jawo. Rannan ina tsakiyar kai ruwa sai hadari ya haɗo ta gabas, aka tsuge. Na yar da gwangwanayen mutane a titi, karo na farko da na zubar da ruwa da gangan. Ruwan kwari ya zo da ƙarfi ya kwashe kusan rabin shukar, abin da ya tsira kuwa ya fito, ya yi kai. Mahaifiyata ta yi mana fura da shi, tana damawa tana share hawaye. Baba ya zaɓi zangarku, ya sussuke, ya cuɗa da toka, ya ɗure a jaka. Na tsaya ina jiran ya ware ɗan ƙulli. Bai ware ba, kuma daga ranar ban sake jin ya ce "in mun koma" ba. A Makka Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, faɗar gaskiya rabin aiki ne. In ka rushe wa mutum abin da ya dogara da shi, kada ka kaɗe riga ka tafi, tsaya ku nemi wani tare. Har gobe ba na yarda a kira tsuntsu da sunan da ba nasa ba, jikokina sun sha gyara a wurina har sun gaji. Amma in sanyi ya shigo muka fita kwari, suka nuna baƙar nan mai jan baki suka tambaye ni da Larabcinsu me ake ce mata da Hausa, sai in ce musu shamuwar Baba.