Famfon Cocinmu Yana Kulle

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ina kwance ne, kuma ban so in yi magana da zafin zuciya ba. Na jira ya huce, ya ƙi.

Zazzaɓi ne ya fara. Na ɗauka maleriya ce, na sayi magani a kemis nan Orozo. Sai ciwon kai, sai cikina ya kumbura ya yi tauri.

Maigidana ya ɗauki tasi ya kai ni asibiti cikin gari. Aka ɗebi jini, aka yi hoto. Likita ya ce, "Taifot ne, ya huda hanji. Madam, wane ruwa kuke sha?"

Na ce rafi.

Rafi, alhali akwai bohal a harabar cocinmu. Mu 'yan zumuntar mata muka ɗauko yashinsa a ka. Da ruwa ya zo, dattawa suka sa wa famfon kwaɗo, wai muna ɓata fili da taɓo. Ranar Lahadi kawai ake buɗewa, a wanke daɓen coci da motar Fasto.

Aka yi mini tiyata. Na farka da roba a hanci, ƙishi kamar zai kashe ni, nas ta ce ko ɗigo. Maigidana ya sayar da babur ɗinsa. Na ji tsoron mutuwa ƙwarai.

Fasto ya zo dubiya, ya yi addu'a mai kyau. Ya ce, "Mama Rahila, idan kin tashi za ki ba da shaida. Allahnmu mai yalwa ne."

Na ce, "Baba, yalwar tana kulle."

Ya yi dariya, ya ce zafin ciwo ne.

Kowace Lahadi ana mana wa'azin bayarwa, a ce mu buɗe hannu. Mun buɗe. Su kuma, wa zai yi musu wa'azi?

Na gode wa Ubangiji da ya tashe ni. Na gode wa likitoci, da matan zumunta da suka riƙe mini yara, da maigidana da yanzu yake zuwa aiki a ƙafa.

Ku tafasa ruwa, ko da itace ya yi tsada. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ku je a gwada jini.

Dattawa, ba zan hau gaba in yi rawar godiya ba tukuna. Jiya aka wuce da 'yar maƙwabciyata asibiti a goye, cikinta a kumbure. Rafi ɗaya muke sha.