Ɗakin Ƙorama

A gidanmu, can tsakanin Ajingi da Gafasa, ba a fara tatsuniya sai an kankare tukunyar tuwo. Kakata Iya Hansai takan ja kujerarta kusa da murhu da faifan gyaɗa a cinya, mu jikoki mu kewaye ta. Wanda bai taya ta ɓara ba, ba zai ji ƙarshen labari ba. Dokarta ke nan.

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta Ƙorama. Wai Ƙorama 'yar garinmu ce, ɗakinta shi ne kwarin nan na bayan tsamiya. Da ta yi aure can nesa, sai ɗakin ya bushe. Wani mai taurin kai ya ga fili, ya kafa rumbunansa a ciki. Tsofaffi suka ce masa ɗakin da mai shi, ya ce mai shi ta manta hanya. Wata damina sai ga ta ta zo ganin gida, da 'ya'ya da jikoki. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ɗakinta kawai ta shiga, ta fitar da tarkacen da ta tarar.

Ni ce na tambaya ko Ƙorama ba ta san sallama ba.

"Ke Ladi, baki kamar reza," in ji Iya, "wa kika taɓa gani yana neman izinin shiga ɗakinsa?"

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, Iya ta daɗe a ƙasa. Bayan nan wasu ma'aikata suka zo daga Kano duba wuraren da ambaliya za ta iya ci, don za a gina wa garin ma'ajiyar iri. Suka zauna da maza a ƙofar mai unguwa, mu mata muna daga gefe. Da aka ɗaga taswira na haɗa baƙaƙen da kaina: a kan kwarin an rubuta babu haɗari. Hotunansu na sama sun nuna shi a bushe. Maza kuwa sun yi na'am a yi ginin a can, tunda filin ba gonar kowa ba ce.

Na miƙe. Ƙanin mijina ya ce in zauna, na ce irin da za a zuba a ciki har da nawa. Na ba su labarin Iya kaf. Aka yi dariya, ban da shugabar tasu, wata yarinya da na isa in haife ta.

"Inna, gobe ki kai ni wurin," ta ce.

Da safe muka je da tsofaffin mata da fartanya. Ba mu yi haƙa kamu biyu ba sai ga farin yashi da ɓawon katantanwa, alamar tsohuwar hanyar ruwa. Yarinyar ta durƙusa ta damƙa, ta yi ta tambayarmu har azahar. Aka mai da ginin kan tudu. A sabuwar taswira ta rubuta wa kwarin sunan da muka ba ta: Ɗakin Ƙorama.

Ina gode wa yarinyar nan, ba kowane mai takarda ne ke durƙusawa ba. Amma Iya nake tunawa. Ita da ba ta san bihim ba, ta rasa inda za ta ajiye gargaɗin sai cikin kunnen yara masu ɓarar gyaɗa.

Bana Ƙorama ta zo ganin gida. Ta tarar da ɗakinta babu kayan kowa, ta kwana uku, ta koma. Irinmu yana kan tudu, a bushe.